Tafiyar Yini Guda: Tarihin Hanyar Sakkwato Zuwa Wurno, Rabah, Shinaka Da Goronyo



Gabatarwa

Kowane babban birni a duniya yana da wuraren da mutanensa kan fita su yini, su sha iska, su komo gida kafin dare ya yi. Mutanen Landan ta ƙasar Ingila sun saba da zuwa garin Burayton na bakin teku tun daga shekarar 1841, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa garuruwan biyu. Mutanen Legas su ma suna da Badagiri. Mu kuwa mutanen ƙasar Sakkwato teku ta yi mana nisa, domin sai an yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota kafin a gan ta. Abin da Allah Ya ba mu a madadinta shi ne gulbi da fadama, da garuruwan da suka jeru a gefensu gabas da birni, wato Rabah da Wurno da Shinaka da Goronyo.

Sai dai akwai bambanci tsakanin fitar Bature zuwa bakin teku da tamu fitar. Shi yakan je inda ba shi da kowa, ya huta, ya biya kuɗi, ya dawo. Mu kuwa inda za mu yini nan ne aka binne cibiyarmu, nan ne kuma aka taɓa riƙe ragamar mulkin daula baki ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin wannan gajeruwar hanya tun daga zamanin doki da jaki, zuwa zamanin mota, har zuwa waɗannan shekaru da tsoro ya sake tsawaita ta, domin mu ga abin da birni yake bin garuruwan nan, da abin da su kuma suke bin birni.

Gulabe biyu da fadamarsu

Kafin a yi maganar hanya, wajibi ne a fara da ruwa, domin shi ya shata inda garuruwa za su zauna. Gulbin Rima yana gangarowa ne daga arewa maso gabas, bayan ya tattara ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Goronyo da Wurno. Gulbin Sakkwato kuwa daga kudu maso gabas yake tasowa, ya bi ta Gusau da Talata Mafara, ya wuce ta gefen Rabah. Gulaben biyu suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su nufi Argungu da Birnin Kebbi, daga bisani su faɗa Kogin Kwara.

A ƙasar da damina ba ta wuce watanni huɗu zuwa biyar ba, wanda ya mallaki fadama ya mallaki abinci. Idan gulbi ya cika ya batse da damina, sai ya bar laka mai albarka a bayansa. A cikinta ake noman shinkafa, idan rani ya shigo kuma a bi da albasa da tafarnuwa da alkama da rake da kudaku. A tudu a shuka gero da dawa da wake. Makiyaya su gangaro da shanu su ci harawa su bar taki, masunta su kama kifi a tafkunan da ruwa ya bari. Tun fil azal kasuwar birni daga wannan kwari take ci, kuma jakunan da ke shiga Sakkwato da sassafe ɗauke da kaya su ne matafiyan yini guda na farko a wannan hanya.

Lokacin da birni ke bin gabas

Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a shekarar 1809, shekara guda bayan faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi. Amma faɗuwar Alkalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi a kwarin Rima ba. Gobirawan da ba su miƙa wuya ba, da Katsinawan Maraɗi, da wasu daga cikin Abzinawa, sun ci gaba da kawo hari ta wannan fuska, kuma gabas ta zama ƙofar da birni ya fi jin tsoro.

Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zaunar da jama'a a cikinsa da iyalansu, su yi noma, su yi karatu, su yi sana'a, su kuma tsare hanya. Ya yi rubutu a kan hukuncin wannan zama da falalarsa, ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna wuri guda, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan uwansa a kan waɗannan garuruwa. Bai tsaya ga umurtar wasu ba. Shi da kansa ya fara da sansanin Magariya, sannan wajen shekarar 1830 ya gina Wurno a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, ya mayar da ita mazauninsa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunarsa ta rinjayi haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi da Abzinawa, ya ƙara ƙarfafa jerin ribaɗin da ke kwarin. Shinaka tana cikin waɗannan garuruwa, kuma tarihi ya haɗa sunanta da na ɗansa Aliyu, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi Aliyu Babba.

Ya kamata kowane ɗan Shinaka ya riƙe wannan a zuciya. An kafa garinmu ne da niyya, aka zaunar da mutane a wurin da ake jin tsoro domin waɗanda ke birni su yi barci da ido biyu rufe. Haka nan ya kamata mu tuna cewa waɗancan yaƙe-yaƙe sun wuce tun da daɗewa. Jikokin waɗanda suka tsaya a kan ganuwa da jikokin waɗanda suka kawo hari sun yi auratayya, sun haɗa masallaci da kasuwa, har ba a iya raba jinin wani da na wani a gidajenmu, sai dai wasan barkwanci da ya rage a tsakani.

Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, kuma a can hubbarensa yake. Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, a Wurno ya zauna. Haka Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1891 har ya rasu a can a 1902. Ma'anar wannan ita ce a tsawon shekaru masu yawa na ƙarni na 19, manzon da ya taso daga Kano ko Zazzau ko Bauchi ko Adamawa da wasiƙa ko gaisuwa, Wurno yake nufa. Waziri da alƙalai da malaman Sakkwato su ne ke ɗaura sirdi su yi tafiyar mil 20 da 'yan kai domin ganin Sarkin Musulmi. Mai doki yakan taso bayan sallar asuba ya isa kafin rana ta take, mai jaki da kaya kuwa yakan ci yininsa a hanya. A wancan zamani birni ne ke bin gabas.

Abin da baƙi suka gani

Turawa matafiya da suka zo kafin mulkin mallaka sun bar mana bayanin wannan hanya. Kyaftin Kilafaton, Baturen Birtaniya wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa a 1826. A zuwansa na biyu sai da ya bi Bello har Magariya. Bai koma gida ba, domin ya rasu a ƙasar Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Bayansa sai Dokta Bat, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarimu, wanda ya iso a 1853. Kafin ya kai ga Sarkin Musulmi Aliyu a sansaninsa na Gawasu, sai da ayarinsa ya ratsa dajin Gundumi, tafiyar awa 26 ba tare da yada zango ba, saboda tsoron mahara da rashin ruwa. Daga nan ya sauka Wurno ya yi fiye da wata guda. Abin lura a nan shi ne, daga Wurno ne ya shirya 'yar gajeruwar tafiya a watan Afrilu domin ya je ya ga Sakkwato da kasuwarta, ya kuma komo masaukinsa. A kan hanya ya ga gonar rake a kwarin Bamurna. Wato ga baƙon wancan lokaci Wurno ce wurin zama, Sakkwato kuwa wurin da ake kai wa ziyara. Ya sake zama a Wurno a daminar 1854, a kan hanyarsa ta komowa daga Tambutu.

A 1885 kuma Yusufu Tomson, wakilin kamfanin Ingilishi da daga baya ya zama kamfanin Neja, a Wurno ya sami Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu. Takardar da ya koma da ita tana cikin hujjojin da Ingila ta riƙa kafawa a gaban Faransa da Jamus cewa wannan ƙasa rabonta ce. Ashe ke nan wani ɓangare na labarin yadda aka shata Nijeriya ya faru ne a garin da yau wasu 'ya'yanmu suke wucewa ta mararrabarsa ba su ko waiwaya ba.

Sawun mata a kan hanya

Ba mahaya da manzanni kaɗai suka tattake wannan hanya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta yi zama a Sakkwato da Wurno, kuma ita ta tsara karatun 'yan taru. Matan ƙauyuka, galibi dattijai da 'yan mata, sukan taso a ƙungiya a ƙarƙashin jagorar da ake kira jaji, wadda ake ganewa da malfarta. Su zo da ƙafa, ɗauke da ɗan abin da suka samu na hatsi ko zuma ko man shanu, su karɓi karatu a cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan da aure da reno suka hana fita. Wannan tsari ya ci gaba bayan rasuwarta. Iyayenmu mata da suka riƙa zuwa ziyarar hubbare a Sakkwato da Wurno a kan sawun waɗancan bayin Allah suke tafiya. Sun nuna mana cewa tafiyar yini guda tana iya ɗaukar ilimi daga wannan gari zuwa wancan, idan an yi ta da manufa.

Akala ta juya

A ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Turawa suka kafa barikinsu a Sakkwato, kuma daga lokacin Sarkin Musulmi ya tabbata a birni kusa da Razdan. Wurno da Rabah da sauran garuruwan gabas suka koma ƙasashen hakimai a ƙarƙashin En'e. Baitulmali da kotun ƙoli da gidan yari da asibiti da babbar makaranta duk aka tara su a wuri guda.

Tun daga nan akalar tafiya ta juya. Hakimi ya shiga birni da kuɗin haraji da jangali, mai ƙara ya shiga birni, maras lafiya ya shiga birni, yaron da aka ɗauka makaranta ya shiga birni. Daga birni kuwa abin da ke fitowa shi ne Di'o mai rangadi da malamin haraji da malamin daji. Ganuwa ta rasa aikinta, ta fara zubewa, manoma suka kwashi ƙasarta. Hanyar jirgin ƙasa da ta iso Ƙaura Namoda a 1929 ba ta ƙaraso Sakkwato ba, don haka gyaɗa da auduga da fatun jar akuya suka riƙa bin hanyar Gusau a kan raƙuma da jakuna da manyan motoci, kwarin Rima ya koma gefen hanyar ciniki.

Rayuwar Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta isa misali a kan wannan juyi. A Rabah aka haife shi, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah wanda ya yi mulki daga 1873 zuwa 1877, shi kuma ɗan Muhammadu Bello. Ya bar bakin gulbi ya shiga makaranta a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 ya zama Sardauna, a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa, ya riƙe wannan muƙami har aka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962 da labarin Rabah ya fara. Duk nisan da ya yi, bai yarda a san shi ba tare da an san garinsu ba. Hanyar da ya bi, daga ƙauye zuwa makarantar birni zuwa aikin gwamnati, ita ce mafi yawanmu muka bi daga baya, kowa gwargwadon rabonsa.

Zamanin mota

Waɗanda suka girme mu sun ba mu labarin hanyar burji, wadda mota ke bi da rani ta tayar da ƙura, da damina kuma ta kafe a laka. Idan gulbi ya kawo, sai a jira masu fito da kwalekwale. Babbar mota ce ke ɗaukar mutane da buhuna da awaki gaba ɗaya ranar kasuwa, wanda ya rasa ta kuwa sai ya kwana.

Mu da muka taso a shekarun 1970 mun ga sauyin da idonmu. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976. An kafa jami'a a 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976 ya buɗe makarantu a ƙauyuka, ya kuma cika kwalejojin horon malamai da 'ya'yan manoma. Farin 1973 ya kori wasu daga gona, kuɗin man fetur ya ja wasu zuwa ofis da kasuwa. A 'yan shekaru kaɗan, kusan kowane gida a Shinaka ya sami ɗa a birni.

A daidai wannan lokaci kwalta ta miƙe ta Achida zuwa Goronyo, Fijo da ƙananan bas suka cika tasha. Tafiyar da ke cin yini ta koma ta awa guda ko biyu. A nan ne tafiyar yini guda ta zama al'ada irin wadda muka sani. Ma'aikaci ya tashi ranar Asabar da iyalinsa, ya gaida tsofaffi, ya duba gona, ya halarci ɗaurin aure ko suna ko ta'aziyya, a dama masa fura da nono mai kyau, la'asar ta yi a cika masa bayan mota da shinkafa da albasa. Ranar Lahadi 'yan kasuwar birni su nufi kasuwar Goronyo, masu sayen dabbobi su nufi ta Achida a ranarta. Yaran da aka haifa a birni suka san kakanninsu, suka san bambancin gero da maiwa, suka iya gaida manya da durƙuso. Ba a rubuta wannan a cikin tsarin karatu na kowace makaranta ba, amma mu malamai mun sha ganin bambanci tsakanin yaron da ake kai wa gida da wanda ba a kai wa.

Madatsar ruwa

Abu na biyu da ya jawo mutanen birni gabas shi ne aikin ruwa. Tun kafin babbar madatsa, Wurno ta yi suna da aikin noman rani da ke shan ruwa daga tafkin Lugu, kuma shinkafarta da tafarnuwarta sun san kasuwanni masu nisa. Daga baya Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978, sannan ta Goronyo a kan Rima, wadda aka kammala a 1984 aka buɗe a 1992. Madatsar Goronyo tana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900. An gina ta ne domin noman rani, da rage ambaliya, da samar da ruwan sha ga Sakkwato da garuruwan da ke ƙasa da ita.

Ga yaron da bai taɓa ganin ruwan da ido ba ya iya kai wa ƙarshensa ba, tsayuwa a kan wannan madatsa daidai take da ganin teku. Makarantu sun riƙa kai ɗalibai, ma'aikata sun riƙa zuwa ranar hutu su sayi kifi. Amma ruwan da ke ba mai ziyara sha'awa shi ne rayuwar mazauna wurin, da daɗinsa da ɗacinsa. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a ƙasashen Goronyo da Wurno da Kware da wasunsu, ta raba dubban mutane da muhallinsu, har ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin jami'a na dindindin a Sakkwato. A farkon 2018 kuma ruwan ya janye har ya rage kusan kashi 10 cikin 100 na abin da madatsar ke ɗauka, hankalin masu famfo a birni ya tashi. Sau biyu ke nan gulbi yana tuna wa Sakkwato cewa abin da ya sami gabas ba zai tsaya a gabas ba. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanya ta sake yin nisa

Ba za mu rubuta tarihin wannan hanya mu tsallake babin da ya fi kowane ciwo ba. Ta'addancin 'yan bindiga da ya faro daga dazuzzukan Zamfara ya tsallako gabashin Sakkwato. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni da ƙauyukan kusa da ita a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi suna gudun hijira. A ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni da Isa. Dajin Gundumi, wanda ayarin Abdulkarimu ya ratsa cikin fargaba a 1853, ya sake zama wurin da direbobi suka ƙaurace wa shekara da shekaru. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Sakamakon haka a gidajenmu na birni a fili yake. Tafiyar da ake yi kowane mako ta koma ta wata-wata, ta koma ta Sallah, ga wasu ma ta tsaya cak. Wayar hannu ta maye gurbin gaisuwa, aika kuɗi ta banki ya maye gurbin zuwa. An ɗaura aure ba mu je ba, an yi jana'iza mun yi ta'aziyya ta waya. Akwai 'ya'yanmu da suka gama sakandare, suna rubuta Goronyo ko Wurno ko Rabah a takardar shaidar asali, alhali ba za su iya nuna ƙofar gidan kakansu ba. Ba mu zargin kowa da tsoro, domin tsoron yana da dalili, kuma rai ba a wasa da shi. Abin da muke jin tsoro shi ne kada uzurin shekarun wahala ya zama ɗabi'a, har ranar da hanya za ta yi lafiya a tarar babu sauran mai sha'awar binta.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tarihin da muka bi ya nuna cewa waɗanda suka zauna a waɗannan garuruwa tun farko sun karɓi zaman haɗari ne domin birni ya zauna lafiya, kuma 'yan uwanmu da suka ƙi barin gona a waɗannan shekaru, suna noma abin da muke ci, su ne magadan wancan zama. Muna ganin abubuwa huɗu suna cikin ikonmu.

Na farko, kada mu yanke zuwa gida matuƙar mutanen gida sun tabbatar mana hanya ta yi kyau. Su suka fi mu sanin ranar da za a bi da lokacin da za a bi. A tafi da hantsi, a komo kafin la'asar sakaliya, a tafi a ƙungiya, a kuma bi shawarar hukuma da ta dattawa. Ranar da suka ce a dakata, a dakata.

Na biyu, tafiyar ta zama mai manufa ga yara. Wanda ya kai 'ya'yansa hubbaren Shehu da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ya cika musu karatun da hubbaren Bello a Wurno, ya nuna musu tudun da garin yake a kai da fadamar da ke ƙasansa, ya gaya musu dalilin da ya sa aka zaɓi wurin. Ya tsaya da su a Rabah su ga inda Sardauna ya fito. A Shinaka kuma a nuna musu inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi suke, tun da sauran dattawan da za su iya nunawa.

Na uku, ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin rubuta abin da waɗannan dattawa suka sani: jerin sarakunan gari, asalin unguwanni, sunayen fadamu da tafkuna, shekarun yunwa da na ambaliya. Kowace waya a yau tana ɗaukar murya. Ɗalibanmu da ke jami'a da kwalejin ilimi za su iya wannan aiki a hutu guda, idan an ba su kuɗin mota da jagora.

Na huɗu, masu faɗa a ji daga cikinmu, a majalisa ko ma'aikata ko jarida, su riƙa tuna wa hukuma cewa tsaron gabas da gyaran hanyarta da kula da madatsar Goronyo da tafkin Lugu bukatar birni ce kafin ta zama ta ƙauye. Haka kuma 'yan uwan da rikici ya koro zuwa gefen birni, ziyararsu ba ta bukatar ko awa guda, kuma tana cikin haƙƙin da ke kanmu.

Kammalawa

Muhammadu Bello yana da gida a Sakkwato, kusa da kabarin mahaifinsa, amma ya zaɓi ya zauna a bakin iyaka tare da talakawansa har ajali ya same shi a can. Mu ba a nemi mu bar ayyukanmu mu koma ba. Abin da ake nema gare mu yini guda ne, daga hantsi zuwa la'asar, a kai a kai, tare da 'ya'yanmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Muna roƙon Allah Ya dawo da zaman lafiya a ƙasar Rima da Nijeriya baki ɗaya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma haɗa mu a gida cikin alheri. Amin.